Babi na Huɗu: Jigon Zalunci da Fafutukar Rayuwa a Littafin Half of a Yellow Sun

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan zubi da tsarin wannan littafi, inda aka nuna yadda marubuciyar, Chimamanda Ngozi Adichie, ta kasa labarinta kashi huɗu, tana kai da komowa tsakanin farkon shekarun 1960 da ƙarshensu. A wannan babi kuwa za a dubi jigo ne. Babban jigon littafin shi ne zaluncin da yaƙi kan jawo wa farar hula, da irin fafutukar da mutum ɗaya kan yi don ya tsira da ransa da mutuncinsa. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, marubuciyar ta ci nasara a duk inda ta shigar da mai karatu cikin zuciyar tauraro, ko wanda aka zalunta ne ko wanda ya yi zaluncin, ta kuma gaza a inda ta bar tauraro tsaye a bakin ƙofa ana hangen sa daga nesa.

4.1 Tarihi da Ƙage

Ƙagaggen labari na tarihi shi ne wanda marubuci ya ɗauki wani zamani da ya shuɗe, da abubuwan da suka auku a cikinsa da gaske, sa'an nan ya ƙirƙiri taurari ya jefa su ciki. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai nazarin adabin Hausa. Biyu daga cikin littattafan da gasar Hukumar Fassara ta Zariya ta 1933 ta haifar irin wannan ne, wato Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya taɓo zuwan Turawa, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya taɓo zamanin kamun bayi da fataucinsu ta Sahara.

Tarihin da Adichie ta ɗauka sananne ne. Ranar 15 ga Janairu 1966 wasu ƙananan hafsoshin soja, yawancinsu 'yan ƙabilar Ibo, suka yi yunƙurin juyin mulki, suka kashe Firimiyan Jihar Arewa Sir Ahmadu Bello, da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Firimiyan Jihar Yamma Akintola, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Mawallafin Shaihu Umar ke nan yana cikin waɗanda suka fara faɗuwa a rikicin da wannan littafi ya ginu a kansa. A watan Mayu Janar Ironsi ya kafa Dokar Soja ta 34 wadda ta rushe tsarin tarayya, tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa. Ranar 29 ga Yuli aka yi juyin mulki na biyu, aka kashe Ironsi. A watannin Satumba da Oktoba aka kashe dubban 'yan Jihar Gabas mazauna Arewa, saura suka tsere gida. Ranar 30 ga Mayu 1967 Laftanar Kanar Ojukwu ya yi shelar ƙasar Biyafara, aka fara yaƙi a watan Yuli, bai ƙare ba sai 15 ga Janairu 1970. Sunan littafin ma daga tutar Biyafara aka samo shi, domin rabin rana mai ruwan ɗorawa ce a tsakiyarta.

An haifi marubuciyar a 1977, shekara 7 bayan ƙare yaƙin, littafin kuma ya fito a 2006. Saboda haka ba ganau ba ce, jiyau ce, sai dai jiyau ta cikin gida, don kakanninta maza biyu duk a lokacin yaƙin suka rasu. Ba za a auna irin wannan littafi da ma'aunin littafin tarihi ba, a ce don me bai kawo kaza ba. Ma'aunin da aka ɗauka a nan shi ne, shin taurarin da aka ƙirƙira sun rayu har mai karatu ya ji abin da ranakun tarihi da alƙaluma ba za su iya jiyar da shi ba?

4.2 Kano a 1966

Wurin da jigon zalunci ya fi fitowa fili shi ne kashe-kashen Kano, kuma dabarar da marubuciyar ta bi ta cancanci a tsaya a kanta. Tun a kashi na farko ta kai babbar tauraruwarta, Olanna, ziyara Sabon Gari wurin kawunta Mbaezi da matarsa Ifeka da 'yarsu Arize. Olanna 'yar attajiri ce daga Ikko, ta yi karatu a Ingila, amma a wannan gidan haya mai hayaƙin murhu take samun natsuwar da ba ta samu a gidan iyayenta. An nuna ana shan rake a tsakar gida, ana hira da Ibo da Hausa, ga kuma Abdulmalik, abokin Mbaezi mai sayar da takalman fata, wanda ya ɗauki takalmi ya ba Olanna kyauta. Mai karatu zai wuce wannan wuri yana ganin kwalliya ce kawai ta labari. Sai a kashi na biyu zai gane ashe shuka aka yi.

Ranar da tarzoma ta tashi Olanna tana gidan Mohammed, tsohon saurayinta, wani Bahaushe ɗan babban gida. Shi ya sa ta rufe kanta da mayafi, ya ɗauke ta a mota. Da ta nace sai ta ga danginta suka biya ta Sabon Gari, suka tarar da gawar Mbaezi da ta Ifeka a ƙofar gida. Cikin taron masu makamai kuwa har da Abdulmalik. Ba a yi doguwar siffanta jini ba. Abin da ke girgiza mai karatu shi ne ya san waɗannan mutane, ya zauna da su, ya ga hannun da ya miƙa takalmi. Da marubuciyar ta fara da kisan ne ba tare da waccan ziyara ba, da gawawwakin sun zama adadi kawai.

Haka kuma ta yi a filin jirgin sama na Kano. Richard, Baturen Ingila da ke son Kainene, 'yar'uwar Olanna da aka haife su tagwaye, ya tsaya hira da wani matashin ma'aikacin kwastan mai suna Nnaemeka. Saurayin ya yi murna da jin Bature yana Ibo, ya faɗa masa garinsu da burinsa. Ba a jima ba sojoji suka shigo suna neman 'yan Ibo, suka harbe shi a gaban Richard. Wannan ya yi daidai da tarihi, domin a farkon Oktoba 1966 sojoji sun yi bore a Kano, sun kuma kashe mutane a filin jirgin sama. Ƙagen da ke ciki shi ne sunan saurayin da 'yar hirar nan ta mintoci, kuma su ne suka sa mutuwar ta yi nauyi.

Hoto na uku shi ne na cikin jirgin ƙasa, inda wata mata ta buɗe ƙwarya ta nuna wa Olanna kan 'yarta, tana maganar wahalar da ta sha wajen yi mata kitso. Ana iya cewa hoton ya yi tsanani, amma ambaton kitson ya fitar da shi daga sahun abin tsoro kawai, ya mayar da shi maganar uwa da 'ya. Da Olanna ta isa Nsukka ƙafafunta suka ƙi ɗaukar ta, ta daɗe ba ta iya tafiya, alhali ba wanda ya taɓa jikinta. Da wannan marubuciyar ta nuna cewa wanda ya tsira ma an zalunce shi, kuma fafutukarsa daga nan take farawa.

4.3 Fafutukar Olanna

Bayan faɗuwar Nsukka a Yulin 1967 labarin ya koma na gudun hijira. Olanna da Odenigbo, malamin lissafi a jami'a wanda daga baya ya zama mijinta, da 'yar da suke reno, da boyinsu Ugwu, suka tashi zuwa Abba, daga nan Umuahiya, daga nan Orlu. Duk tashi gidan sai ya ƙara ƙanƙancewa, har suka koma ɗaki ɗaya. Marubuciyar ba ta cika zuwa fagen daga ba. A madafa da layin karɓar agaji take auna yaƙin. Gidan da a da ake tara malamai kowane dare ana ci ana sha ana gardamar siyasa, shi ne ya koma ana lissafin gishiri. Olanna ta koyi haɗa sabulu da toka. Ta yi layi don garin ƙwai saboda yarinyar ta daina cin abinci, gashinta yana zuba. Wata rana ta samu gwangwanin nama, wasu sojojin Biyafara da yaƙi ya taɓa wa hankali suka bi ta suka ƙwace. Ranar ɗaurin aurenta ma jiragen yaƙi ne suka watsa taron.

Waɗannan ƙananan abubuwa suna da tushe a tarihi. Gwamnatin Tarayya ta toshe hanyoyin shiga Biyafara, ta canza kuɗi a Janairun 1968, Fatakwal kuma ta faɗi a watan Mayu na shekarar, sai ya zamana ta jirgin sama kaɗai agaji ke shiga, yawanci da dare ta filin Uli. Yawancin waɗanda suka mutu a yaƙin yunwa ce ta kashe su, musamman yara. Marubuciyar ba ta tsaya yi wa mai karatu wannan darasi ba, ta bar gwangwanin nama ya yi.

Abin lura shi ne yadda ta juya matsayin taurarin. Odenigbo mai ƙarfin murya, wanda ya fi kowa imani da Biyafara, shi ya fara karyewa. Da labarin kashe mahaifiyarsa a Abba ya iso sai ya koma mashaya. Olanna da ake gani 'yar gata ce, wadda iyayenta suka nemi ta bi su Ingila ta ƙi, ita ta riƙe gidan, har ta buɗe aji a tsakar gida tana koyar da yara. Sai dai a nan akwai ɗan rauni. Sau da yawa idan wuya ta kai wuya sai wani sananne ya ɓullo da taimako, ko tsohon abokin aiki da ya zama babba a gwamnati, ko wani da ta taɓa yi wa alheri. Wannan gaskiya ce ta rayuwar masu hannu da shuni, amma ta sa wahalar talakan da ba shi da kowa ta koma gefen hoto.

4.4 Ugwu: Wanda aka Zalunta ya Yi Zalunci

Idan da a kan Olanna kaɗai littafin ya tsaya, da ya zama kuka ne na ɓangare ɗaya. Ugwu ne ya ɗaga shi sama da haka. Yaro ne ɗan ƙauye mai kimanin shekara 13 da aka kawo aikin boyi, maigidansa ya sa shi makaranta. Da idonsa aka buɗe labarin, kuma babu tauraron da mai karatu ya fi ƙauna kamarsa. Ana cikin yaƙi sojojin Biyafara suka kama shi a hanya suka sa shi soja dole. Wannan zalunci ne, kuma nasa ne suka yi masa. A sansani ya tsinci littafin tarihin rayuwar Frederick Douglass, bawan nan na Amurka da ya tsere ya zama marubuci, ya riƙa karanta shi yana maimaitawa. Ya yi suna wajen tayar da nakiyar da Biyafara ta ƙera da kanta. Sa'an nan wani dare a wata mashaya abokansa suka yi wa yarinyar da ke sayar da giya fyaɗe, suka zuga shi, shi ma ya yi.

Marubuciyar ba ta nema masa uzuri ba, ba ta kuma jefar da shi ba. Ta bar mai karatu a cikin kansa kafin abin, da lokacinsa, da bayansa, ana ganin tsoron a kira shi rago, ana ganin kallon ƙiyayyar da yarinyar ta yi masa, wanda ya riƙa dawo masa har ƙarshen littafin. Yarinyar kuwa 'yar Biyafara ce, ɗaya daga cikin waɗanda aka ce don su ake yaƙin. Da aka gama yaƙi ya koma ƙauye sai ya tarar sojojin Tarayya sun yi wa ƙanwarsa Anulika irin abin da ya yi wa 'yar wani. Ba a yi sharhi a kan wannan ba, kuma rashin sharhin ya fi.

Ba Ugwu kaɗai ba ne shaida cewa marubuciyar ba ta wanke ɓangarenta ba. Akwai limamin coci da ke lalata da 'yan mata a sansanin 'yan gudun hijira kafin ya ba su abinci. Akwai mai cikin da ta tofa wa wata likita yawu don ba Ibo ba ce, tana kiran ta 'yar zagon ƙasa, har Kainene ta mare ta. Akwai manyan da 'ya'yansu ke cin mai kyau ana tsakiyar yunwa. A ƙarshe kuma aka gane cewa guntayen littafin tarihin yaƙin da ake ta sakawa a ƙarshen wasu babuka, waɗanda mai karatu ya ɗauka na Richard ne, ashe Ugwu ne ya rubuta. Wato wanda aka ba amanar ba da labarin waɗanda aka zalunta, shi kansa da laifi a wuyansa.

4.5 Taurarin Arewa

A nan ne mai nazari daga sashen Hausa ya kamata ya yi taka-tsantsan, don kada ya yi hukunci da zafin zuciya. Ba daidai ba ne a ce littafin ya yi wa 'yan Arewa kuɗin goro. Mohammed ya sa ransa cikin haɗari ya ceci Olanna, ya kuma faɗa a fili cewa Allah bai yarda da abin da ake yi ba. Kanar Madu, hafsan Ibo, ya tsira a juyin mulkin Yuli ne saboda wani abokinsa Ibrahim ya ɓoye shi a akurkin kaji, daga baya ya fita da shigar Fulani. Wannan ma yana da tushe, don an san mutane da dama a Arewa sun ɓoye maƙwabtansu. Haka kuma marubuciyar ta nuna yadda bayan kisan Sardauna wasu mazauna Sabon Gari suka riƙa yin ba'a da mutuwarsa, suna kwatanta ta da kukan akuya, ta kuma sa Olanna ta ƙi jinin wannan dariya. Marubucin da ke son ɓoye laifin nasa ba zai kawo wannan ba.

Matsalar tana wani wuri ne. Da idon mutum uku ake ba da labarin, Ugwu da Olanna da Richard, ba ɗan Arewa a cikinsu. Wannan zaɓi ne da marubuciya ke da ikon yi. Amma sakamakonsa shi ne Abdulmalik ya fito sau biyu, sau ɗaya da kyauta, sau ɗaya cikin masu kisa yana jingina abin ga nufin Allah, kuma babu komai a tsakani. Me ya ji ranar 15 ga Janairu? Me aka faɗa masa a kasuwa, wace jita-jita ce ta iso unguwarsu, wane tsoro ne ko wane kwaɗayi ya ci ƙarfin abotar shekaru? Tambayar da littafin ya amsa da kyau a kan Ugwu, wato yadda mutumin kirki kan wayi gari ya aikata mugun abu, ita ce bai ko yi ba a kan Abdulmalik. Ba ana neman a wanke shi ba ne, don Ugwu ma ba a wanke shi ba. Ana neman a gan shi a matsayin mutum mai hankali da ya zaɓi sharri, domin laifin mutum ya fi na dodo nauyi. Da aka bar shi haka, sai addini kaɗai ya rage a matsayin dalili, alhali guntayen tarihin da ke cikin littafin kansa sun ɗora alhakin a kan siyasa da tsarin da Turawan mulkin mallaka suka bari.

Mohammed ma bai tsira daga wannan ba. Kyakkyawa ne, mai kuɗi, mai haƙuri, amma aikinsa a labarin bai wuce ya so Olanna ya cece ta ba. Harshen Hausa kuwa, wanda aka fara jin sa a bakin masu hira a tsakar gida, daga baya an fi jin sa a bakin masu tarzoma, a kalmomi irin su araba da nyamiri. 'Yan Arewa da aka kashe a garuruwan Gabas a 1966 ba su samu ko Nnaemeka ɗaya da zai tsaya a madadinsu ba.

Duk da haka, wannan giɓi ba Adichie kaɗai zai hau ba. Marubutan kudu sun daɗe suna rubuta wannan yaƙi da zube, kamar Chinua Achebe a Girls at War a 1972, da Flora Nwapa a Never Again a 1975, da Chukwuemeka Ike a Sunset at Dawn a 1976, da Ken Saro-Wiwa a Sozaboy a 1985. A Hausa kuwa ta hanyar waƙa aka fi tarbar yaƙin, ta baka da rubutacciya, kuma yawanci zuga soja ne da kiran haɗin kan ƙasa. Waƙar zuga tana da aikinta, amma ba ta shiga ɗakin Abdulmalik da dare ta ga ko ya iya barci.

4.6 Ɓacewar Kainene

Ana gab da ƙare yaƙi Kainene, wadda ke riƙe da sansanin 'yan gudun hijira a Orlu, ta tsallaka bayan layin abokan gaba don sayo abinci, irin cinikin da mata da yawa suka yi a lokacin. Ba ta dawo ba. Sauran shafukan littafin nema ne: asibitoci, ɗakin ajiye gawa, cigiya, har wurin boka. A nan kwatanci da Shaihu Umar yana da amfani. Mahaifiyar Umar ta fita neman ɗanta, ita ma ta faɗa bauta, aka kai ta har Tarabulus, amma Tafawa Ɓalewa ya haɗa su ta gan shi kafin ta cika, saboda labarinsa a kan haƙuri da ƙaddara aka gina shi. Adichie ta hana taurarinta ko da wannan. Babu gawa, babu kabari, babu wanda ya ce ya ga abin da ya faru. Olanna da Odenigbo sun koma Nsukka sun tarar an ƙone littattafansu, kuɗin Olanna na banki a Ikko ya tafi, gidan Kainene na Fatakwal wata ta shige ta zauna. Aka rufe littafin Olanna tana nan a kan bakanta cewa 'yar'uwarta tana raye a wani wuri.